Ƙwai a Dama, Hanya a Hagu: Nazarin Lamarin Wata Mata daga Tawa

Matar da wannan rubutu ya shafa shekarunta 31, ƴar unguwar Bilbis ce a Tawa, tana sayar da atamfa da turaren wuta a cikin gida. Zan kira ta Rakiya, ba sunanta ba ne. Ɗiya ɗaya gare ta, mai shekara takwas, kuma tun da ta yaye ta ciki bai sake shiga ba, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ni ungozoma ce, ina aiki ƙarƙashin wani likitan mata a Yamai, ni ke riƙe da kundin matan da ake bi da ekografi, wato na'urar leƙa ciki, lokacin da suke shan maganin haihuwa. Na ɗauko nata ne saboda tambayar da mata suka fi yi mana idan sun leƙa allon na'ura tana cikinsa: me ya sa gidan ƙwai ɗaya ke cika, ɗayan kuma shiru?

Tarihinta

Haihuwarta ta fari lafiya lau. Bayan shekara biyu ciwon ciki ya kama ta a gefen dama, aka ɗauka ciwon mara ne, aka yi kwana uku ana ba ta jiƙe-jiƙe. Kafin a kai ta asibiti apandisit, ɗan wutsiyar hanji da ke gefen dama, ya fashe. An yi mata aiki, ta yi kusan mako biyu da roba a ciki ana fitar da mugunya. Ita dai ba ta haɗa wannan da maganar haihuwa ba ko kaɗan, ba ta ma faɗe shi ba sai da aka ga tabon aka tambaya.

Al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, wani zubin kwana 36, wani zubin sai 45. Maigidanta ɗan kasuwa ne a Abijan, kamar mazan Adar, yankin Tawa, da yawa, abin da yake yi a gida a shekara bai fi wata uku zuwa huɗu ba. Ba shi da wata mata, amma maganar ƙarin aure ta fara fitowa daga ɗakin uwarsa. A Nijar, ƙasar da binciken 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace ya kai 7.6, na 2021 kuma 6.2, mai ɗiya guda kusan ɗaya ake ɗaukarta da wadda ba ta taɓa haihuwa ba, a wajen biki ne ko a wajen suna.

Kafin ta zo mana ta sha ƙwayar klomifen, maganin sa ƙwai ya fito, wata tara, da tsohuwar takardar maganin wata ƙawarta, babu awo, babu ekografi. A cikin watannin nan tara, biyar maigidan ma ba ya ƙasar. Ta kuma taɓa yin ekografi a wani wuri mai zaman kansa, irin wanda ake ɗora na'ura a kan ciki, aka rubuta cewa ba a ga gidan ƙwai na hagu ba. Da wannan takarda ta shigo, a naɗe cikin leda, ta miƙo mini tun kafin ta zauna.

"Malama, ni gidan ƙwai guda gare ni. Na hagun babu shi, ga takarda nan."

Shekara biyu tana ɗauke da wannan magana.

Abin da awo ya nuna

A rana ta uku ta al'ada likita ya yi mata ekografi ta ƙasa, wanda ya fi nuna gidajen ƙwai sosai. Na dama ya fito nan take, da ƴan jakunkunan ƙwai ƙanana 13, waɗanda muke kira folikul, kowace jaka da ƙwai guda a cikinta bai nuna ba. Na hagu ya ba da wuya. Ya haye sama bayan mahaifa, hanji ya rufe shi, sai da likita ya danna marar da hannu ɗaya, iskar hanjin ta gusa, sannan ya bayyana da jakunkuna shida. Ya juya mata allon ya ƙirga su da yatsa a gabanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a sake ƙirgawa.

Ɓuyar na hagu ba baƙon abu ba ne. Ƙarshen babban hanji ta gefen hagu yake naɗowa kafin ya sauka, kuma ekografi ba ya ratsa iska. Idan hanji ya cika, musamman in ta kan ciki aka duba, sai gidan ƙwan ya ɓace wa mai dubawa alhali yana nan.

Awon jini na maƙoƙo da na sinadarin nono duk daidai. Awon maniyyin maigida ya ɗauki lokaci kafin ya yarda, yana cewa ai ya taɓa haihuwa. Likita ya ce masa, "Malam, ita ma ta taɓa haihuwa, ga ta nan ana auna ta." Ya yi dariya ya je. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa iyakar ƙasa a ƙwayoyin maniyyi miliyan 16 a kowace mililita, nasa ya haura haka, motsinsu ma babu laifi.

Sai rediyon mahaifa, wato hoton da ke nuna ko bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa a buɗe suke, a rana ta takwas, bayan jini ya ɗauke kuma kafin lokacin fitar ƙwai. Ana zura ruwan da ke fitowa fari a hoto ta bakin mahaifa, ana kallon inda ya bi. Ya cika mahaifar, ya bi bututun hagu siriri, ya tsiyaye cikin mara ya bazu. A dama ya shiga bututun, ya yi tafiya har ƙarshe, ya tsaya cik. An jira, an sake ɗaukar hoto, yana nan a dunƙule. Idan toshewar a bakin bututu take, kusa da mahaifa, sau da yawa tsukewa ce kawai ta zafin awon, gobe a tarar da shi a buɗe. Amma toshewar ƙarshe, a gefen da apandisit ya fashe, alamar tabo ce da mannewar nama. Abin da ya ɗan kwantar da hankali shi ne bututun bai kumbura da ruwa ba a ekografi.

Ga yadda lamarin ya tsaya ke nan: ɓangaren da ya fi yawan ƙwai hanyarsa a rufe, ɓangaren da hanyarsa ke buɗe ƙwansa kaɗan, ga al'ada mai nisa, ga miji mai zaman ƴan watanni.

Dama da hagu

Akwai ɗan bambanci a halitta, ba a musun wannan. Jijiyar da ke kwashe jini daga gidan ƙwai na dama kai tsaye take zubawa cikin babbar jijiyar da ke komawa zuciya, ta hagu kuwa sai ta bi ta jijiyar ƙodar hagu. Maƙwabtansu ma daban: na dama yana kusa da apandisit, na hagu yana jingine da hanji. Shi ya sa murɗewar gidan ƙwai ta fi aukuwa a dama, inda yake da sarari, ƙullutun jinin da cutar endometiriyos ke yi kuma ya fi yawa a hagu. Wani bincike da likitocin Japan da na Danmak suka buga a mujallar Human Reproduction a shekarar 2000 ya nuna cewa kusan kashi 55 cikin 100 na fitar ƙwai daga dama yake. A kula da adadin: 55 da 45. Rinjaye ne da sai an tara dubban watanni na mata masu yawa ake ganinsa. A jikin mace ɗaya, cikin wata shida ko takwas, ba abin da za a gina a kansa. Binciken da aka yi kan matan da ake ɗebe wa ƙwai a haɗa a waje ma bakinsa bai zo ɗaya ba, wasu sun sami ƙwai da ɗan yawa a dama, wasu ba su ga bambanci ba.

Maganar da ake koya wa ƴan mata cewa wannan wata dama, wata mai zuwa hagu, ita ma ba ta tsaya ba. Babu layi. Abin da ke faruwa shi ne ƙwaƙwalwa na sako sinadarin FSH cikin jini a farkon wata, ya isa gidajen biyu lokaci guda, jakunkuna da dama su fara girma a nan da can. Wadda ta fi saurin amsawa sai ta wuce gaba, ta fara fitar da nata sinadarin da ke sa ƙwaƙwalwa ta rage FSH, sauran su bushe. Ko a wane gefe wannan jaka take, nan ƙwai zai fito. Gidan da ya fi yawan jakunkuna ya fi samun damar fitar da wadda ta yi gaba, iyakar abin ke nan. A wajen Rakiya, 13 da 6, ana sa ran dama zai riƙa ci kamar sau biyu cikin uku, hagu kuma ya samu nasa.

Abin da na lura da shi a kundin da nake riƙewa shi ne, duk inda aka ga rata babba tsakanin gefe biyu, in aka tona tarihin matar za a sami dalili: an taɓa yanke mata ƙullutu a gidan ƙwai ɗaya aka tafi da nama mai kyau, ko ciwon sanyi ya daɗe a mara, ko an yi aiki kamar nata, ko kuma dai na'urar ce ba ta hango gefen da kyau ba. Tambayar "an taɓa yi miki aiki?" ta fi amfani a ɗakin awo fiye da duk muhawarar dama da hagu.

Gwaggonta da ta sauke ta a unguwar Bukoki a Yamai tana da nata ilimin: ƙwan dama namiji, na hagu mace. Tsohuwar magana ce, har likitocin Girka na dauri sun yi irinta. Jinsin ɗa daga maniyyin uba yake, ƙwan uwa na dama da na hagu duk abu ɗaya suke ɗauke da shi ta wannan fuska. Na faɗa mata, ta ce to, amma na san ba ta sauka daga kan nata ba.

Yadda maganin ya tafi

Likita ya ajiye klomifen. Ta riga ta wuce wata shidan da aka saba tsayawa a kai, ga shi yana daɗewa a jiki kuma yakan sa shimfiɗar mahaifa ta yi siriri. Ya koma letirozol, ƙwayar da asalinta ta ciwon dajin nono ce. Tana rage sinadarin mata na ƴan kwanaki, ƙwaƙwalwa ta ga ya yi ƙasa ta ƙaro FSH. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka buga a 2014, kan mata masu yawan ƙananan jakunkuna da al'ada mai nisa, ya sami haihuwa kashi 27.5 cikin 100 da letirozol, 19.1 da klomifen.

Wata na farko: miligiram 2.5 kullum, daga rana ta uku zuwa ta bakwai. A rana ta 12 jaka ɗaya a dama ta kai milimita 18, a hagu babu wadda ta wuce 10. Jaka na ƙaruwa kusan milimita biyu a rana, tana nuna idan ta kai 18 zuwa 22. Maganin ya yi aiki ke nan, sai dai a gefen da ba a so.

A nan aka yanke shawarar da nake ganin ita ce zuciyar wannan lamari. Likita ya ce watan da ƙwai ya fito a dama ba za a kashe kuɗi kan allurar fasa jaka, wadda ke sa jakar ta saki ƙwai, ba, amma kada su ƙaurace wa juna. Dalili kuwa, bututu ba a ɗaure yake da gidan ƙwan gefensa ba. Bakinsa a sake yake cikin mara, gidajen ƙwan biyu kuma suna rataye kusa da juna a bayan mahaifa, don haka bututun hagu kan iya cafke ƙwan dama. An bi matan da aka cire wa bututu ɗaya bayan ciki ya zauna musu a wajen mahaifa, aka tarar kusan ɗaya cikin uku na cikin da suka samu daga baya, ƙwan daga gefen da babu bututu ya fito. Sai dai ya gaya musu gaskiya cewa nata da ɗan bambanci, don mannewar nama na iya lulluɓe gidan ƙwan dama ta hana ƙwan faɗowa inda bututun hagu zai same shi. Akwai dama, amma ƙarama.

Wata na biyu, dama kuma. Ta sauko daga gadon awo tana ɗaura zane, ba ta dubi kowa ba.

"Lokotoro, na hagun nan dai matacce ne. A ba ni maganin da zai tashe shi shi kaɗai."

Ya ce mata, "Hajiya, magani ruwan sama ne, ba ya zaɓen gona. Duk abin da na ƙara don hagu, dama zai sha fiye da shi."

Babu ƙwaya ko allurar da ke zuwa gefe ɗaya. Matan da ke cewa a yi musu allura a cinyar hagu don ta tashi gidan hagu, jini ɗaya ne ke kwasarta ya zagaya da ita.

Daga nan aka tsaya wata huɗu, maigida ya koma Abijan. Likita ya hana ta shan komai a bayansa. Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wuni guda cur a mota, kuma kowane wata na magani yana cin ekografi biyu ko uku. Shan ƙwaya babu miji a gida asarar kuɗi ce da asarar watannin da aka ƙayyade wa maganin. Wannan lissafi na kalandar ɗan ci-rani ba ya cikin littattafan da muka karanta, amma a wajen matan Adar shi ne rabin aikin.

Da ya dawo aka ɗaga zuwa miligiram 5. Wata na uku: dama 20, hagu 14. Na hagun ya motsa, amma na dama ya riga shi, kuma da ƙwai ya fita sauran sun tsaya.

A wata na huɗu, ganin saura wata biyu maigida ya sake tafiya, likita ya ƙara ƴar allurar FSH kaɗan a kan ƙwayar, da fatan a sami jaka a kowane gefe. Rana ta 11 allon ya nuna uku manya a dama, ɗaya a hagu mai milimita 16, ga wasu matsakaita biyu suna biye. Likita ya soke watan, ya ce su nisanci juna har al'ada ta zo. Maigidan bai ji daɗi ba ko kaɗan.

"Likita, wata huɗu muna jiran na hagu. Yau ya zo, kuma ka ce mu bari? Na daman ai ka ce hanyarsu a toshe take."

Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma akwai likitocin da za su ci gaba a irin wannan hali. Namu ya tsaya kan abu uku. Rediyo hoto ne na rana ɗaya, ba ya rantsuwa cewa babu ƴar kafa. Bututun hagu na iya ɗaukar ƙwai fiye da ɗaya, har da na dama. Sannan allurar fasa jaka a kan jakunkuna masu yawa ita ke jawo kumburin gidan ƙwai, ruwa ya taru a ciki, wani lokaci har a kwantar da mace. Cikin ƴan uku ga matar da za ta koma Tawa, a haife su bakwaini, ba nasara ba ce. Ni ina tare da likita a nan, ko da yake na ga abin da sokewar ta ci musu: kuɗin allura, kuɗin mota, da wata guda cikin biyun da suka rage.

Wata na biyar aka koma ƙwaya zalla, miligiram 5, daidai abin da ta sha a wata na uku. Rana ta 13: hagu 19, dama 12, kaurin shimfiɗar mahaifa milimita 9. Babu abin da aka canja, wannan karon jakar da ta yi gaba a hagu ta faɗo. Aka yi mata allurar fasa jaka, hCG, da ƙarfe tara na dare, don ƙwai kan fita kamar awa 36 bayanta, aka gaya musu su sadu washegari da dare da kuma ranar da ke biye. Bayan mako biyu da ƴan kwanaki al'ada ba ta zo ba, awon jini ya nuna ciki.

Ba a bar ta ta koma gida nan take ba. Macen da bututunta ɗaya ya lalace saboda mugunya a ciki, ba a da tabbacin ɗayan ya tsira sarai ko da ruwa ya wuce ta cikinsa, kuma haɗarin ciki ya zauna a bututu ya fi yawa gare ta. A mako na bakwai ekografi ya nuna ciki ɗaya a cikin mahaifa, zuciya na bugawa, ragowar jakar da ƙwan ya fito daga ciki kuma tana gidan hagu.

Ba za a ce wata biyar sun tabbatar da wata ƙa'ida ba. Uku dama, ɗaya duka biyun, ɗaya hagu, abin da lissafin 13 da 6 ya nuna tun farko ke nan. Da watan na biyar ya sake faɗawa dama, shirin da ke ƙasa shi ne a gama zagaye na shida, sannan a yi mata aikin leƙa ciki da kyamara ta ƙaramar ɓula, a ga yawan mannewar, a saki abin da zai saku. In hakan bai yi ba, sai maganar haɗa ƙwai a waje, inda ba a buƙatar bututu ko ɗaya, abin da kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin iyalan da ke zuwa mana.

An mayar da kundinta cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro ta Tawa don awon ciki, yanzu tana cikin wata na biyar. Bututun dama yana nan yadda yake. An rubuta mata a takardar sallama cewa duk ranar da ta yi ɓatan wata nan gaba, ko da magani ko babu, ta yi ekografi kafin mako na bakwai, kuma ciwon mara na gefe ɗaya tare da ɗigon jini ba abin jira ba ne har gari ya waye. An kuma rubuta inda gidan ƙwanta na hagu yake kwance, sama a bayan mahaifa, don wanda zai duba ta gaba ya san inda zai nema.